Testosteron ya fito daban a ɗakunan gwaji biyu: me LC-MS/MS zai ƙara?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini ce a Agege. Wata budurwa 'yar shekara 24 ta zo mana da takardar likita, tana fama da fitowar gashi a haɓa da rikicewar al'ada. Injinmu ya ba da testosteron 4.6 nmol/L. Bayan mako guda ta je wani ɗakin gwaji a Ikeja, suka ba ta 2.3. Yanzu likita ya rubuta a sake aunawa da LC-MS/MS, a haɗa da 17-OHP. Me wannan hanya take yi da injinmu ba ya yi? In kuma za mu tura jinin, me ya kamata mu kiyaye?"

Wa'alaikumus salam Malama. Tambayarki kashi biyu ce: dalilin da ya sa jinin mace guda ya ba da lambobi biyu, ɗaya ninkin ɗaya, da kuma abin da ke hannunki kafin jinin ya bar Agege. Na biyun ya fi na farkon muhimmanci a aikinki, amma sai an gane na farkon ake sanin amfanin kiyaye na biyun.

Homon ɗin da ake kira sitiroyid duk daga kolesterol jiki ke ƙera su, a halittar adrenal da ke saman ƙoda, da ma'ajiyar ƙwan mace, da 'ya'yan maraina. Kotisol, aldosteron, testosteron, estiradiyol, firojesteron, androstindayon, DHEAS, 17-OHP (wanda ake aunawa don gano cutar adrenal ta gado), duk 'yan gida ɗaya ne, ginshiƙinsu zobe huɗu na kabon. Wani lokaci bambancin wannan da wancan bai wuce wurin da ƙwayar oksijin ɗaya ta zauna ba. Injin da ke ɗakin gwajinku da antibodi yake aiki, wato furotin da ke cafke homon ɗin da ake nema, ita kuwa antibodi da kamanni take gane abu. Bahaushe ya ce kama da wane ba ta wane, to ita wannan karin maganar bai isa gare ta ba.

Ki yi wannan lissafin da kanki. Testosteron a jinin mace lafiyayya yawanci bai kai 2 nmol/L ba. DHEAS kuwa a budurwa mai waɗannan shekaru yana iya kai 8 µmol/L, wato 8,000 nmol/L. Ko da antibodi ta yi kuskure sau ɗaya kacal a cikin 10,000, ta ƙara 0.8 nmol/L na ƙarya a kan sakamakon. A jinin namiji mai 18 nmol/L babu wanda zai lura. A jinin mace kuwa an kusa ninka lambar. Kowane kamfani da irin antibodinsa da ma'auninsa, shi ya sa 4.6 a nan da 2.3 a can ba abin mamaki ba ne, kuma ba lallai ne wani daga cikinku ya yi sakaci ba. Tun 2003 aka buga bincike a mujallar Clinical Chemistry da ya kwatanta irin waɗannan injuna da hanyar auna nauyin homon ɗin kansa, aka ga ba abin dogaro ba ne a jinin mata da yara. A 2007 ƙungiyar Endocrine Society ta Amurka ta fitar da matsaya a kan wannan matsala, daga baya hukumar CDC ta kafa shirin daidaita awon homon.

Ga kuma magunguna. Noretisteron, wanda ake ba mata don tsayar da jini ko jinkirta al'ada, yana shiga awon testosteron a wasu injuna. Firednisolon yana fitowa a matsayin kotisol. Bayotin, wanda 'yan mata ke sha don gashi da farce, yana ɗaga sakamakon ƙarya a injunan da tsarinsu ya dogara da shi, har hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka ta yi gargaɗi a kai a 2017. Ki tambayi budurwar nan me ta sha a wancan makon.

Yadda na'urar ke aiki

LC-MS/MS injuna biyu ne aka jona. Na farko, LC, aikinsa rabawa. Famfo yana tura ruwa da metanol ta cikin wani siririn bututun ƙarfe da ake kira kolom, faɗinsa milimita 2.1, tsawonsa 50 ko 100, cike da garin siliki mai ƙwayar da ba ta wuce maikromita 1.7 zuwa 2.6 ba, an lulluɓe ta da sinadarin da ke riƙe homon, C18 ko bayifenil. Kowane homon da irin riƙon da yake yi wa garin. Ana farawa da metanol kimanin kashi 40 cikin 100 a riƙa ƙarawa har 95, sai su riƙa saki ɗaya bayan ɗaya: kotisol da wuri, testosteron a tsakiya, firojesteron can ƙarshe. Gudun ruwan mililita 0.3 zuwa 0.5 a minti, ɗumin kolom digiri 40 zuwa 50, zagaye guda minti 6 zuwa 12.

Na biyu shi ne mai auna nauyi. Ruwan da ya fito daga kolom ana feshe shi ta allura mai ɗauke da wutar lantarki ta dubban bolt, iskar naitirojin mai zafi ta busar da shi, ƙwayoyin su ɗauki caji. Wannan dabarar feshi ce ta sa John Fenn ya samu kyautar Nobel a 2002. Daga nan sai matatai. Matata ta farko an saita ta ta bar mai nauyin 289 kawai ya wuce, wato testosteron da ya ɗauki caji ɗaya. A ɗaki na tsakiya ana karo da shi da iskar agon ko naitirojin ya farfashe. Matata ta ƙarshe ta zaɓi gutsure mai nauyin 97 da mai 109. Ana ƙidaya da guda, ana tabbatarwa da ɗayan. Androstindayon 287 ne zuwa 97, 17-OHP 331 zuwa 97 ko 109, firojesteron 315 zuwa 97, kotisol 363 zuwa 121. Kafin a yarda cewa abu testosteron ne sai shaidu uku sun haɗu: ya fito a lokacinsa, nauyinsa ya dace, rabon gutsattsarinsa biyu bai kauce wa na ma'auni da fiye da kashi 20 zuwa 30 cikin 100 ba.

A nan ne masu sabon shiga ke ruɗuwa, su ɗauka tunda nauyi ake aunawa an gama da kuskure. Akwai homon da nauyinsu ɗaya sak, gutsattsarinsu ma iri ɗaya. Efitestosteron 289 ne zuwa 97, daidai da testosteron. Diyoksikotikosteron 331 ne zuwa 97, daidai da 17-OHP ɗin da likitanku ke nema. A nauyin 347 mutum uku ne ke zaune: 11-diyoksikotisol, 21-diyoksikotisol da kotikosteron. Kotizon da firednisolon duk 361. Mai auna nauyi ba shi da yadda zai raba waɗannan, kolom ne kaɗai ke raba su da lokaci. Ɗakin gwajin da ya gajarta zagayensa zuwa minti 2 don ya ci kasuwa, ba tare da ya gwada rabuwar waɗannan tagwaye ba, ya sayi injin tsada ya koma gidan jiya.

Shirya jinin, da ɗan rakiya

Ba a zuba ruwan jini kai tsaye cikin injin. Hanyar da na fi amincewa da ita ga testosteron na mace da 17-OHP ita ce hakowa da MTBE, wani ruwan sinadari da ke janye homon daga jini. A ɗebi siram, wato ruwan jinin da aka raba, maikrolita 200 a bututun gilashi, a zuba ɗan rakiya (bayaninsa na tafe) maikrolita 20, a girgiza, a bar shi minti 10 zuwa 15. A ƙara MTBE mililita 1, a girgiza minti 5, a juya a santirifuj minti 5 zuwa 10 a kimanin 3,000 g. Ruwan zai rabu biyu, homon na sama. A daskarar da na ƙasa a tsiyaye na sama, ko a zuƙe shi a hankali ba tare da an taɓa farin layin tsakiya ba. A busar da iskar naitirojin a digiri 40, a narkar da busasshen da maikrolita 100 na metanol da ruwa rabi da rabi, a tura maikrolita 10 zuwa 20 cikin injin. Ki tuna girman abin da ake bi: a 1 nmol/L, testosteron ɗin da ke cikin maikrolita 200 ɗin nan bai kai fikogiram 60 ba. Duk wata ƙazanta a bututu ko a metanol tana iya fin shi yawa.

Akwai hanya mai sauri, a kashe furotin da zink salfet da metanol, a juya, a ɗebi na sama. Ta isa ga kotisol da testosteron na maza, kuma ita ce ta dace da DHEAS, wanda ba ya son shiga MTBE saboda salfet ɗin da ke jikinsa. Aibinta tana barin kitsen fosfolifid a ciki.

Ɗan rakiya shi ne zuciyar aikin. Testosteron ne na gaske amma an sauya masa wasu ƙwayoyi da masu nauyi, misali kabon-13 guda uku, sai ya zama 292 maimakon 289. Halinsa ɗaya da na ainihin, inda wannan ya zube shi ma ya zube, inda aka danne wannan shi ma an danne shi, amma injin na ganinsu daban. Don haka ba tsayin sigina ake karantawa ba, rabon na jini da na ɗan rakiya ake karantawa. Dalilin jiran minti 15 ɗin nan shi ne mafi yawan testosteron a ɗaure yake da furotin SHBG da albumin, dole ɗan rakiya ya shiga ya cakuɗu da shi tukuna. Kowane homon a ba shi nasa ɗan rakiyar, kada a ce na testosteron zai wakilci 17-OHP. Mai kabon-13 ya fi mai diyutiriyam, domin mai diyutiriyam da yawa yakan riga ɗan'uwansa fitowa da 'yan daƙiƙu, mai guda biyu kacal kuma yana cin karo da nauyin da homon ɗin ke da shi a halitta.

Abin da ya fi lalata sakamako a ɓoye shi ne dannewar sigina. Idan fosfolifid ya fito daga kolom lokaci ɗaya da homon, sai su yi rububin caji a bakin allura, kitsen ya cinye. Ana gano wurin da yake fitowa ta sa ido a kan gutsure mai nauyin 184, ko a riƙa ɗiga homon tsantsa bayan kolom a tura jinin da ba komai, a ga inda layin ya lotsa. A aikin yau da kullum kuwa, a dubi siginar ɗan rakiya a kowane samfur. In ta faɗi zuwa rabin ta sauran, a sake hako wannan samfur ɗin, kada a fitar da lambar.

Ma'auni kuma, wato samfuran da aka san yawan homon ɗinsu, matakai 6 zuwa 8 ne, a siram ɗin da aka tsotse homon ɗinsa da gawayi, na ƙasansu ya sauka har 0.1 ko 0.2 nmol/L in ana son auna mata da yara. A bayan samfur mai yawa a tura fanko, don jinin namijin da ke allurar testosteron yakan bar saura a allurar injin, sauran ya faɗa kan jinin macen da ke biye.

Estiradiyol da aldosteron sai an ƙara wahala. Ba sa son ɗaukar caji kuma a fikomol suke. Ana auna su ta cajin negatif, akasin na testosteron, estiradiyol 271 zuwa 145, aldosteron 359 zuwa 189, a sa ɗan amoniyam fulorayid a ruwan kolom, ko a liƙa wa estiradiyol sinadarin dansil ya zama 506 zuwa 171.

Abin da ke hannunki a Agege

Lokacin ɗiban jini shi ne farko. Ga wannan budurwa, da safe, misalin ƙarfe 8, a kwanakin farko bayan zuwan al'ada. 17-OHP yana sauka da rana, yana kuma hawa bayan fitar ƙwai, don haka jinin yamma zai ɓoye cuta, na bayan fitar ƙwai zai ƙirƙiro ta. In al'adar ta ɗauke gaba ɗaya, a ɗiba kowace rana da safe a haɗa da firojesteron don a san inda take. Ga maza, testosteron kafin ƙarfe 10, ba a ci komai ba, kuma ba a yanke hukunci sai an maimaita a wata rana. Maigadin da ya kwana a bakin ƙofa ko direban tirelar da ya kwana a layin Apapa, safiyarsa ba irin ta kowa ba ce, a rubuta hakan a takarda.

Bututu: mai jan murfi mara jel ya fi aminci. Jel ɗin wasu bututun mai ruwan ɗorawa yana sakin sinadarin da ke shiga layin testosteron a ƙananan matakai, yana kuma tsotse firojesteron in jini ya daɗe a kai. A bar jinin ya daskare minti 30, a juya minti 10, a kwashe siram cikin awa ɗaya zuwa biyu. Wannan ne kuskuren da ya fi yawa a Legas: a ba ɗan aike jini ɗanye, ya shiga cunkoson Oshodi ko gadar Third Mainland da tsakar rana, jinin na dahuwa a akwati. Jajayen ƙwayoyin jini suna da sinadarin da ke mayar da androstindayon testosteron, don haka jinin da ya daɗe ba a raba ba lambarsa na hawa, injin kuma zai auna wannan ƙaryar daidai-wa-daida. Siram ɗin da aka raba yana ɗaukar 'yan kwanaki a digiri 2 zuwa 8, watanni a ƙasa da sifili da 20. A raba shi gida biyu, kowanne aƙalla mililita 0.5, a tura ɗaya a ajiye ɗaya. Firizar da wuta ke ɗaukewa tana dawowa, tana narkewa tana daskarewa, ba ma'ajiya ba ce. In za a fitar da shi waje ta filin jirgin Ikeja, a tambayi masu karɓa ko a sanyaye suke so ko a daskare.

Sai tarihin magani, kuma sai an yi tambayar da dabara. Mata da yawa ba sa ɗaukar man shafawa a matsayin magani. Mayukan bilicin da dama na ɗauke da kilobetasol ko betametason, wasu magungunan ƙiba irin su sha-ka-fashe kuma da deksametason. Waɗannan suna kwantar da adrenal, kotisol da DHEAS da 17-OHP duk su sauka. LC-MS/MS ba zai ga kilobetasol ba sai an saita shi ya nema, abin da zai nuna kawai kotisol ya yi ƙasa. Ƙwayar tsarin iyali mai estirojin kuma tana rage testosteron, tana ɗaga SHBG da jimillar kotisol. Hatta hannun mai ɗiban jini, in ya shafa man haidirokotizon bai sa safar hannu ba, yana iya gurɓata samfur.

Kafin ku zaɓi inda za ku tura, ki yi musu tambayoyi kaɗan. Mene ne mafi ƙanƙantar testosteron da suke iya ƙidayawa da tabbas? Kolom ɗinsu na raba 17-OHP da diyoksikotikosteron? Suna cikin wani shirin tantance inganci na waje? Iyakokin lafiya da suke bugawa a takarda na wannan hanya ne, ko sun kwafo na injin antibodi? Wanda ya san aikinsa zai amsa ba tare da ya ɓata rai ba. Ki kula da ma'aunin da suka yi rubutu da shi: ng/dL na testosteron ana ninka shi da 0.0347 ya koma nmol/L, wato 60 ng/dL kusan 2.1 ne.

Idan sakamako ya dawo

Yawanci lambar LC-MS/MS a mace takan fito ƙasa da ta injin antibodi, don haka kada a auna ta da iyakar da ke takardarku. In testosteron ya tabbata sama da 5 nmol/L, ko alamomin sun zo da sauri har murya ta fara kauri, likita zai binciki ko akwai ciwon ƙari a ma'ajiyar ƙwai ko adrenal. In ya ɗan haura iyaka kaɗan, hankali ya fi karkata ga PCOS, matsalar ma'ajiyar ƙwai mai rikita al'ada, a nan SHBG na da amfani don a lissafa wanda ba a ɗaure ba, domin na'urar jimilla take aunawa. 17-OHP na safe da bai kai 6 nmol/L ba yakan kore cutar adrenal ta gado mai bayyana a makare. In ya haura, sai a yi gwajin allurar ACTH, homon da ke zaburar da adrenal; 17-OHP ɗin da ya wuce 30 nmol/L bayan allura yana nuna cutar. Samun 21-diyoksikotisol da yawa yana ƙarfafa hakan, kuma wannan na cikin ribar hanyar: daga maikrolita 200 ɗin nan ana iya karanta homon goma ko fiye a zagaye guda. Fassarar ƙarshe ta likitan da ya ga mara lafiyar ce, lamba kaɗai ba ta isa a sa wa cuta suna daga nesa ba.

Ba kowane jini ke buƙatar wannan kashe kuɗi ba. Magidanci mai testosteron 18 nmol/L, ko firojesteron na tabbatar da fitar ƙwai, injinku ya wadatar. Inda ya cancanta shi ne mata, yara, jariran da ake zargin cutar adrenal, estiradiyol na maza da na matan da suka daina al'ada, mai shan maganin da ke ruɗa antibodi, da duk inda lamba ta saɓa wa abin da ido ke gani.

In kuwa maigidan ɗakin gwajinku ya fara tunanin sayen injin, ki gaya masa kuɗin saye shi ne mai sauƙin. Cikin na'urar babu iska, famfuna ke riƙe da shi haka dare da rana. Ɗaukewar wuta ta minti ɗaya tana iya jawo jiran yini guda kafin ya daidaita, wani lokaci ta kashe famfon, don haka sai da UPS mai ƙarfi tsakaninsa da janareta. Ɗakin na son sanyi tsayayye, digiri 20 zuwa 24, in ya riƙa hawa da sauka nauyin da aka saita da lokacin fitowa duk su goce. Danshin Legas yana cika kwamfuresan injin naitirojin da ruwa, sai ana sauya matatunsa a kan kari. Metanol dole mai darajar LC-MS, ruwa mai matuƙar tsarki, ɗan rakiya da kolom duk da dala ake shigo da su, kuma injiniyan da zai zo in ya tsaya sai an yi yarjejeniya da shi tun kafin a biya kuɗin injin. Ɗakin da ba ya samun samfur da dama a kowane mako, ma'auni da kwantirol kaɗai za su cinye ribarsa, gara ya ƙware wajen ɗiba da rabawa da turawa.

Ga budurwar nan, a kira ta da safe a kwana na 3 zuwa na 5 na al'ada, ta dakatar da bayotin kwana 2 zuwa 3 in za a haɗa da SHBG a injinku, a ɗiba a bututu mai jan murfi, a raba kafin ɗan aike ya iso, a rubuta lokaci da ranar al'ada da duk abin da take sha ko shafawa a jikin takardar.